Zauren Iyaye: Ina Himmar Ɗalibinmu Ta Tafi?

A watan jiya mun yi magana a kan yaran firamare da aikin gida. A wannan wata kuwa za mu duba yayyensu waɗanda suka shiga jami'a, gama akwai wani kuka da nake ta ji a bakin iyaye a nan Kurmin Mashi, na kuwa tabbata ana jinsa a Zariya da Kafanchan da Jos.

Ga kukan: "Malam, yaron nan da yake raba dare yana karatu sa'ad da yake neman shiga jami'a, yanzu ya shiga, amma ya yi sanyi. In ya zo hutu ba ya buɗe littafi. In na tambaye shi labarin karatu, sai ya ce, 'Baba, a dai yi a gama.'" Uba yana cewa lalaci ne da wayar hannu. Malamin jami'a yana cewa 'yan zamani takarda kawai suke so. Ɗalibi kuma yana cewa malaman ne ba sa koyarwa. Kowa yana nuna wani da yatsa.

Ni dai malamin ƙananan yara ne, difloma ce iyakar takardata. Amma na yi shekara fiye da 20 da alli a hannu, yaran da suka bi ta ajina kuwa da yawa sun shiga jami'a, sukan dawo su ba ni labari. Abin da na gane shi ne, himma kamar wutar murhu take. In ana iza mata icce sai ta ci, in an bar ta sai ta mutu, ko a murhun wa take. Saboda haka kafin mu ce yaro ya lalace, bari mu tambaya ko wane ne ya bar iza wutar.

Mu tuna da fari cewa malalaci ba ya isa ƙofar jami'a da sauƙi. Tun shekarar 1978 hukumar JAMB take shirya jarrabawar shiga jami'a. A shekarar 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna mata, guraben kuwa ba su isa kowa ba. Waɗansu sai sun yi ta sau biyu ko sau uku. Yaron da ya haye wannan kogi ya riga ya nuna yana da himma. Ashe a can ciki ne wani abu yake cinye ta.

Darasi daga Panteka

Ku zo mu leƙa tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ku dubi yaron da yake koyon walda ko ƙera tukwane. Ba a kaɗa masa ƙararrawa, ba a kiran suna, ba jarrabawa, amma da sassafe yana bakin shago. Me yake tashe shi? Na ga abu uku.

Na ɗaya, idon oga yana kan hannunsa. In ya kama ƙarfe a karkace, nan take za a ce masa, "Ba haka ba, sake." In ya yi daidai, nan take ya sani. Na biyu, da hannunsa yake koyo. Ba a zaunar da shi shekara guda ana karanta masa yadda ake haɗa ƙofa. Na uku, yana ganin ƙarshen hanya. Ga na gaba da shi an yaye shi ya buɗe nasa shago, shi ma ya san ranarsa tana zuwa.

Ba cewa nake yi Panteka ta fi jami'a ba, kowace da aikinta. Amma zuciyar mai koyo iri ɗaya ce a ko'ina. To, bari mu ɗauki waɗannan abubuwa uku mu auna jami'a da su.

Idon malami

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962, ɗalibanta duka 426 ne. A zamanin da Dokta Ishaya Audu, wanda ya yi karatunsa na fari a Wusasa, ya shugabance ta, watau daga 1966 zuwa 1975, malami yana iya sanin ɗalibansa da suna. Yanzu ɗaliban wannan jami'a dubbai ne masu yawa. Wannan abin murna ne, gama 'ya'yan talakawa sun sami shiga. Sai dai yawan malamai da ɗakunan karatu bai bi sawun yawan ɗalibai ba, a can da sauran jami'o'in gwamnati duka.

A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta karɓi rahoton wani kwamiti, a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda ya zaga jami'o'in gwamnati ya duba bukatunsu. Kwamitin ya ƙirga malamai 37,504, waɗanda suke da digirin dokta a cikinsu kuwa ba su kai rabi ba. Ya tarar da ɗakunan da ɗalibai suke sauraron lacca a tsaye, da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya inda ake kunna risho a madadin kayan aiki.

Wata yarinya da na koyar, wadda take karatu a wata jami'a, ta faɗa mini cewa a shekararta ta fari akwai darasin da suke ɗaruruwa a ɗaki guda. Wanda bai zo da wuri ba, ta taga yake leƙe. Sun rubuta gwaji, ba wanda ya sāke ganin takardarsa. Bayan watanni sai aka manna sakamako a allo, ta ga maki, amma ba ta san inda ta yi daidai da inda ta kauce ba. Ku duba fa. Yaro ɗan aji uku a firamare, in ka karɓi littafinsa sau biyu ba ka sa jan biro ba, a karo na uku ba zai yi aikin ba. Ɗan shekara 20 ma haka zuciyarsa take. Aikin da ba mai dubawa, ba mai yinsa da kyau.

Koyo da hannu

Malamin firamare a ƙasar nan ana bukatar ya riƙe takardar NCE, watau an koya masa yadda ake koyarwa, an kuma bi shi aji an ga yadda yake yi. Malamin jami'a kuwa, galibi saboda zurfin ilminsa a fanninsa ake ɗaukarsa, ƙarin girmansa kuma ya fi rataya a kan takardun bincike da ya wallafa. Sanin abu dabam, iya koyar da shi dabam. Shi ya sa za ka tarar da masani na gaske yana tsaye awa biyu yana karanta tsohon rubutunsa, ɗalibai suna kwafa, ba tambaya, ba amsa. Ran jarrabawa su mayar masa da abinsa yadda ya ba su, bayan mako guda su manta.

Masana sun auna wannan. A shekarar 2014 wani malami mai suna Scott Freeman na Jami'ar Washington a Amurka, shi da abokan aikinsa, suka tattara bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniya. Suka tarar cewa a azuzuwan da malami yake zuba lacca kaɗai, wajen ɗalibai 34 cikin 100 suke faɗuwa. A azuzuwan da ake tsayawa a ba ɗalibai matsala su warware, su yi gardama da juna, su ba da amsa, wajen 22 ne cikin 100.

Akwai kuma abin mamaki. A shekarar 2019 aka wallafa wani bincike da ya gwada hanyoyin nan biyu a kan ɗaliban kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard. Waɗanda aka sa su aiki a aji sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce suna jin kamar sun fi koyo a wurin mai lacca mai daɗin baki. Watau ɗalibi ma yakan ruɗi kansa. Malamin da yake sa shi gumi yakan ga kamar mugu ne, alhali kuwa shi ne mai ƙaunarsa. Ku gaya wa 'ya'yanku wannan.

Ganin ƙarshen hanya

A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'a, watau ASUU, ta yi yajin aiki na wajen wata 9, daga Maris zuwa Disamba. A shekarar 2022 ta sāke yin wani na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Yaron da ya shiga jami'ar tarayya a 2018 ko 2019 don karatun shekara 4, ya rasa fiye da shekara guda yana zaune a gida. Da aka koma, a wurare da yawa sai aka dunƙule aikin watanni cikin 'yan makonni domin a cim ma lokaci. Manomin da bai san ran da damina za ta sauka ba, bai kuma san ko za a bar shi ya girbe ba, da wane ƙarfi zai yi huɗa? Ga kuma yayansa a ɗaki, ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana yawo da takardu. Ƙanin yana gani, yana lissafi a ransa.

Kada kuwa mu ɗora wa malamai laifin duka. Bayan yajin 2022 gwamnati ta riƙe albashinsu na watannin nan, sai a 2024 aka biya su na wata 4 daga ciki. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Malamin da yake tunanin kuɗin haya, yana koyarwa a jami'a biyu ko uku domin ya ciyar da gida, yaushe zai zauna ya duba takardu ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya? Waɗansu ƙwararru sun tattara sun tafi ƙasashen waje. Duk da haka akwai waɗanda suka tsaya, suna zuwa aji a kan lokaci, suna sayen littafi da kuɗin aljihunsu. Waɗannan sun cancanci godiyarmu.

Ɗalibi ma da nasa cikin. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, nan ce yawancin yaran unguwarmu suke sa rai, gama suna iya tafiya daga gida. A shekarar 2021 aka ɗaga kuɗin makarantar daga ƙasa da naira 40,000 ga yawancin 'yan jiha zuwa naira 150,000 ko fiye. A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin 100, mafi ƙanƙanta ya koma naira 105,000. Ga kuɗin mota kullum, ga abinci. Yaron da ya fita da safe bai karya ba, ya taka rabin hanya da ƙafa don ya rage kuɗin keke, in ya yi gyangyaɗi a laccar ƙarfe biyu kada a ce rashin himma ne. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance marar ruwa, mai suna NELFUND. Iyayen da kuɗin makaranta ya sha musu kai su bincika sharuɗɗansa, su tuna kuma rance ne, za a biya.

Abin da ya fi kashe zuciya

Akwai abin da ya fi waɗannan duka muni, wajibi ne kuwa a faɗe shi a shafin iyali. Shi ne sayar da maki. Wani malami yakan tilasta a sayi takardun da ya buga, wanda bai saya ba ya san makomarsa. Wani kuɗi yake karɓa. Wani kuma 'ya'ya mata yake bi. A watan Disamba na 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 saboda ya nemi ɗaliba da lalata a bakin maki. A watan Oktoba na 2019 gidan BBC ya nuna irin wannan ta'asa a jami'o'in Legas da Gana. Ba duka malamai ba ne, ko kusa. Amma ɗalibi mai gaskiya, in ya kwana uku yana karatu ya sami maki 50, ya ga wanda bai taɓa shiga aji ba ya sami 70, to, wani abu ya karye a zuciyarsa wanda wa'azi ba ya ɗora shi da sauƙi.

A nan kuwa sai mu iyaye mu dubi kanmu, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya biya kuɗi aka kai ɗansa makarantar da ake rubuta amsa a allo ran jarrabawar gama sakandare, ya riga ya koya masa cewa maki abin saye ne. Kada ya yi mamaki in yaron ya kai wannan ilmi jami'a.

Abin da yake hannunmu

Ba mu da ikon gina ɗakunan lacca, ko hana yajin aiki. Amma akwai iccen da yake hannunmu, bari mu iza.

Ya ku iyaye, ku sāke tambayar da kuke yi. Yawancinmu tambaya biyu muka iya: "Yaushe za ka gama?" da "Nawa kuma ake nema?" Yaro yana jin wannan sai ya gane takardar muke jira, abin da yake cikin kansa bai dame mu ba. In ya zo hutu, Mama, ki zaunar da shi ki ce, "Ɗana, bayyana mini abu guda da ka koya, da Hausa, yadda zan gane." Ko ba ki taɓa shiga aji ba, za ki san ko ya iya, gama wanda ya gane abu yana iya faɗarsa a sauƙaƙe. Ku nemi ganin sakamakon kowane zango, tun daga na fari, cikin natsuwa ba da faɗa ba. Yara da yawa suna ɓoye darussan da suka faɗi har shekarar ƙarshe saboda tsoron gida, sa'an nan gyara ya yi wuya.

Kada kuma ku zaɓa wa yaro fanni don a kira ku baban likita ko maman lauya. Yarinyar da zuciyarta take wajen aikin gona ko koyarwa, in an tura ta inda ba ta so, shekara huɗu za ta yi tana jan ƙafa. Wanda kuma bai sami fannin da ya nema ba, aka ba shi wani, ku bar kiran abin "maneji" a gabansa. Ku taimake shi ya sadu da wani mai cin abinci da wannan fanni, ya ga inda hanyar take fita. 'Ya'yanku mata kuwa, ku faɗa musu tun kafin su tafi cewa in wani malami ya matsa musu, gida za su fara kawo ƙara, za a kuwa gaskata su, a tsaya musu har gaban hukumar makaranta.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ku ji. Gaskiya ne ba a yi muku adalci a abubuwa da yawa ba. Amma in ka bar karatu don ka huce haushin malami, kanka ka cuta, shi ya riga ya sami nasa digiri. In ajin ya yi girma har malami ba ya ganinka, ka ƙanƙanta shi da kanka. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowane mako ɗaya ya tsaya ya koyar da sauran, su kuwa su yi ta jefa masa tambayoyi. Ka rufe littafi ka gwada rubuta abin da ka tuna, sa'an nan ka buɗe ka ga inda ka kauce, ta haka ka zama ogan kanka. A kowane sashe kuma akwai malami aƙalla guda mai son a tambaye shi. Ka neme shi, ka je ofishinsa da tambaya ta gaske, 'yata kuma ki tafi tare da abokiyar karatu. Wayar nan da Baba yake kuka da ita, akwai laccoci na manyan jami'o'in duniya kyauta a cikinta, ga wanda ya nema. In an shiga dogon hutu ko yaji, kada ka kwanta. Mai karatun injiniya ya tafi Panteka ko gareji, mai karatun ilmi ya zo ya taimake mu a aji, mai karatun lissafin kuɗi ya riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi.

Manyanmu malaman jami'a da suke karanta wannan mujalla, ku gafarce ni, ƙaramin malami zai yi roƙo. Mun san nauyin da yake kanku. Abu uku kaɗai muke roƙo, ba kuwa wanda yake bukatar kasafin kuɗi. Ku zo aji a kan lokaci, in ba za ku zo ba ku aika. A tsakiyar lacca ku tsaya minti goma, ku jefa tambaya, ku bar su su yi gardama biyu biyu kafin ku ba da amsa. In takardun gwaji sun fi ƙarfin a mayar wa kowa tasa, ku ɗauki awa guda ku nuna wa ajin kurakuran da suka fi yawa da yadda amsa mai kyau take. Yaron da ya ji malami ya kira sunansa sau ɗaya ya ce, "Wannan tunani naka yana da kyau," yakan riƙe kalmar har tsufansa.

A ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace ikkilisiya akwai ma'aikatan jinya, da injiniyoyi, da malamai, da akawuna, waɗansu sun yi ritaya suna zaune. Akwai kuma ɗalibai biyar ko goma da ba su da wanda zai dubi aikinsu. Me zai hana dattawa su haɗa kowane ɗalibi da babba guda mai irin fanninsa, ya riƙa kiransa sau ɗaya a wata, ya karanta abin da ya rubuta, ya tambaye shi inda ya tsaya? Wannan ba ya cin ko kwabo. Ina roƙo ku kawo maganar a taronku na gaba, na mata da na maza da na matasa, ku kuma rubuto mana abin da kuka shirya domin waɗansu su koya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun yaron da ya gama sakandare bai sami gurbi ba, da yadda zai yi amfani da shekarar jira. Ku huta lafiya.